Tazarar Yatsa Huɗu a Bakin Ganga

Zuwa ga ɗana Laminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen gidan da kake sauka a Tasawa. Mu nan Hawandawaki lafiya lau muke, sai zafin bazara, wanda kai ma kana cikinsa. Allah Ya tsare ka a zaune da tafe, Ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe da na wuta.

Labarin gida innarka za ta ba ka a salula, ta fi ni iya shi. Ni na zaɓi takarda ne don na san halinka. In na kira ka, kafin in kai tsakiyar magana ka fara "to Baba, to Baba", ni kuwa na san wannan "to" ɗin naka, na sallamar mutum ne. Takarda ba ta jin sallama. Ka sami wuri ka zauna ka karance ta har ƙarshe kafin ranar Alhamis da za ku tashi.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar da na shigo Tasawa na biya ta garajin Alhajin da ya ɗauke ka direba, na tarar ana cika gangunan esansi, man fetur ke nan, da za ka kai wa masu haƙar rijiyar foraji can arewa da Attantane. Da sanyin safiya ne. Na ga ana ɗura mai har sai ya taɓo bakin ganga, a naɗe murfin da yankin roba, a murɗe shi iya ƙarfi, sannan a shafe gefensa da sabulu. Na leƙa bayan kamiyon, ƙarfe ne tsirara, ba rumfa ba tabarma. Na ja ka gefe na tambaye ka wa ya ce a yi haka, ka ce mini: "Baba, Alhaji ne. Ya ce kak a bar ma iska wuri ko kaɗan, ita ke shanye mai." Na bar maganar a nan saboda idon mutane, ban so in kunyata ka a gaban sabon maigidanka ba. Amma tun da na dawo ban sake jin daɗin tuwo ba. In aka ɗora gangunan nan yadda suke, ka bi da su cikin rairayi da tsakar rana a wannan wata, ina tsoron ba za su kai Attantane a rufe ba, kai kuwa kana zaune a gabansu.

Ban ɗauki Alhaji mugu ba. Na san shi tun yana bin kasuwannin ƙauye da tiya a hannu. Falken wake ne, da wake ya yi arziki. Ka kuma san yadda ake ajiye wake a ganga: a shanya shi ya bushe ƙayau, a cika har baki, a girgiza a ƙara, a toshe yadda ko numfashi ba zai shiga ba, ƙwaro ya rasa iska ya mutu. Shekara da shekaru yana haka, bai taɓa buɗe ganga ya tarar da gari ba. Yanzu ya shiga jigilar mai, sai ya ɗauko ilimin wake ya taho da shi. Sai dai wake ba ya ƙaruwa don rana ta buge shi, ba ya kuma tayar da tururi. Esansi yana yin duka biyun.

Ni ma ba a haife ni da sanin wannan ba. A jikina na koye shi, bari in ba ka yadda aka yi.

Ina karen mota a wata tsohuwar mota mai bin kasuwannin Kona da Hawandawaki, maigidana ya aike ni da sassafe in cika bido, jarkar mai, da esansi. Don in nuna ni yaron kirki ne, na cika shi har yana zuba, na murɗe murfi, na ɗaure shi a saman mota. Da rana ta take muka tsaya a Kona, na hau in sauke kaya, sai na ga bidon nan mai kusurwa huɗu ya koma kamar cikin akuyar da ta wuni a gonar wake. Dariya ma ya ba ni. Na durƙusa a kansa na murɗe murfin gaba ɗaya. Murfin ya tashi sama, man ya feso mini a fuska da ƙirji. Na yi ta birgima a saman mota ina ihu, idona kamar an zuba barkono. Mai tuyar ƙosai tana ƙasa, murhunta ba shi da nisa da tayar baya. Allah ne kaɗai Ya sa iska ta kaɗa ɗaya gefen. Wata tsohuwa ce ta wanke mini ido da ruwan tulunta, tana wankewa tana zagina, kuma duk zagin da ta yi na cancance shi.

Dalilin abin ban gane shi ba sai bayan na zama direba. Akwai wani malamin koleji, Mushe Abdu, mai koyar da fizik, yakan shiga gaban motata in zai tafi Tasawa ganin iyalinsa. Shi mutum ne mai son magana, ni mai son tambaya, hanya kuwa ga ta doguwa. Wata rana na ba shi labarin bidon. Ya gama dariyarsa ya ce: "Haruna, kai kana ganin iska ba komi ba ce, ko? To komi ce. Ƙwayoyi ne ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kullum cikin gudu suke, suna karo da juna, suna karo da bangon abin da anka rufe su ciki. Abin da kake ce ma zahi, gudunsu ne. In rana ta buga, gudun ya ƙaru, dukan bango ya ƙaru. In akwai hili sai su buɗa. In babu, bango ne zai ɗauka, har sa'ad da ya gaji."

Na ce masa ai bidona ba iska a ciki, mai ne zalla. Ya ce to nan ne na fi yin wauta. Abu mai ruwa-ruwa ma yana ƙaruwa in ya ji zafi, esansi kuwa ya fi ruwa ƙaruwa nesa ba kusa ba. Iska tana matsuwa. In ka bar mata wuri a saman ganga, man da ya ƙaru sai ya tura ta, ita kuma ta takure ta ba shi wuri. Mai ba ya matsuwa. In ya ƙaru bai sami inda zai shiga ba, ƙarfe zai tura, ko murfi, ko ɗinkin gindin ganga, duk wanda ya fi rauni a cikinsu. Ga shi kuma da ya ɗumama yake tayar da tururi, tururin ma yana nasa turin. Saboda haka, Laminu, tazarar nan da Alhaji ke wa kallon asara, ita ce ke riƙe da gangar. A bar yatsa huɗu tsakanin mai da baki. Man ba inda zai je tunda murfi na rufe, 'yar iskar da ke ciki kuwa ba ta da cikin da za ta shanye komai.

Sai maganar taya. Ka san mu masu bin rairayi muna rage iska kafin mu shiga yashi don tayar ta baje kada ta nutse, in mun hau kwalta mu mayar. Wannan daidai ne. Kuskurena shi ne wata rana da na mayar da iskar a Tasawa, na yi doguwar tafiya a kwalta da rana, na tsaya shan ruwa, na ɗora ma'auni a taya na ga allura ta haura inda na bar ta. Na ce lalle mai faci ya cika mini da yawa. Na sa tsinke na rage duka huɗun har suka dawo daidai, ina ta jin kaina gwani. Alhali ba wanda ya ƙara mini komai, iskar da na sa ce ta yi zafi ta ƙara turi. Washegari da safe tayoyin sun huce, sun koma ƙasa da ƙa'ida, ni kuwa ban duba ba na yi lodin buhuna da mutane na kama hanya. Tayar da ba ta da isasshiyar iska lanƙwashewa take yi a kowane juyi, lanƙwasar nan kuwa zafi take haifarwa, kamar yadda waya ke zafi a hannunka in kana lanƙwasa ta kana miƙewa don ka karya. Kafin Gazawa tayar baya ta fashe, motar ta yi rawa da mu ta gangara cikin gona. Ba wanda ya mutu, amma wata mata ta karye a hannu, ta daɗe ba ta ɗaga taɓarya ba. Ka auna tayarka da safe tana da sanyi. Abin da ma'auni ya nuna maka da rana ka gan shi kawai, kada ka rage ko kaɗan.

Ka taɓa lura famfon hannu yana ɗaukar zafi a gindinsa in ana buga taya, iskar da ke fita daga taya kuwa sanyi gare ta a yatsa? Na tambayi Mushe Abdu wannan ma. Ya ce in ka matse iska, ƙarfin hannunka ne ke shiga cikinta ya zama zafi, in kuma ta sami hanya ta buɗa sai ta huce. Ƙarfi ba ya ɓacewa, in ji shi, kama kawai yake sakewa. Ko man da kake zuba wa inji, kaɗan ne daga cikin ƙarfinsa ke juya taya. Mafi yawa zafi yake zama, ya fita ta radiyato da bututun hayaƙi. Shi ya sa in za ku jera ganguna, ka duba ƙarƙashin kamiyo ka ga inda bututun ya bi, kada a tsayar da ko ɗaya a kansa.

Tabon da ke hannuna na dama, wanda kuna yara kuke taɓawa ku ruga da gudu, na radiyato ne. Na ɗauko 'yan suna daga Kona, mota ta yi zafi a kan wani tudun yashi, allura ta kai ja. Na kashe ta na sauko. Mata suna ta mita a baya, wai za a raɗa suna ba su iso ba. Wani dattijo ya leƙo ta taga ya ce: "Direba, mi kake jira? Buɗe ka zuba mata ruwa mu tahi, rana na yi." Na san bari ake yi ta huce. Kunyar a ce ban iya mota ba ce ta sa na naɗe hannu da tsumma na kama murfin. Ruwan da ke cikin inji a rufe yakan wuce zafin tafasa bai tafasa ba, don matsin da ke kansa ya danne shi. Da ka ɗaga murfi matsin ya tafi, sai ya tafasa gaba ɗaya a lokaci guda. Haka ya taso mini, tsumman ya jiƙe da tafasasshen ruwa ya manne a fata. Ina cikin wannan azaba, dattijon nan mai son taimako ya sauko ya ɗauki bidon ruwa ya kwarara a kan injin. Muka ji ƙas. Ƙarfe mai zafi in ka sanyaya bayansa farat ɗaya, bayan ya tsuke cikin bai tsuke ba, sai ya tsage. Sunan da ba mu je ba ke nan. Ni aka kai ni likita, motar ta daɗe a garaji, dattijon kuwa ya sami amalanke ya wuce abinsa. Za ka haɗu da irinsa da yawa a hanya, masu gaggauta ka alhali ba hannunsu ke kan murfi ba. Ka ba su haƙuri, ka ɗaga bakin mota ya sha iska, ka jira har sai ka iya ɗora tafinka a kan radiyato ba ka janye ba.

Akwai wanda ya fi waɗannan yi mini nauyi. Ka san Baba Ɗanladi mai walda na bakin tasha, wanda in za ka gaishe shi sai ka zagaya ta hagunsa. Ganga ce na kai masa, wadda ta ɗauki esansi, ina so ya raba mini ita biyu in yi wa tumakin innarka kwamin shan ruwa. Ya tambaye ni: "Haruna, ka wanke ta?" Na ce na ɗauraye, ta kuma yi kwanaki a rana, ko ɗigo babu. Gaskiya na faɗa, ɗigo babu. Amma bayan na ɗauraye na mayar da murfin don kada ƙasa ta shiga. Zafin ranar da na bar ta a ciki shi ya fito da tururin man da ya maƙale a jikin ƙarfe, ya gauraya da iskar ciki, ya rasa hanyar fita. Wuta na taɓa ta, gindin gangar ya tashi ya faɗa bayan katangar tasha. Ɗanladi ya rasa jin kunnen dama. Har yau in na je gaishe shi sai ya juyo mini wannan kunnen da gangan ya ce: "Hwaɗi duk abin da kake so nan, shi ne rabonka." Mu yi dariya, amma ni ban taɓa jin daɗin dariyar ba. Na kawo maka wannan ne don da gangunan wofi za ku dawo, mutane kuwa sun fi sakin jiki da su. Kada a dafa shayi a bayan kamiyo, kada a sha taba, kada kowa ya ƙyasta ashana ya leƙa cikin ganga don ya ga ko da saura.

Kada ka ce tsohonka ɓarna kawai ya iya. Akwai abin da na koya ba tare da na ƙone ba, a wurin makiyayan da nake ɗauka ranar kasuwa. Na ga yadda suke rataye salka a inuwa inda iska ke kaɗawa, ruwan ciki ya yi sanyi alhali garin kamar tanda. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin fatar, in zai bushe sai ya ɗebi zafi daga na ciki ya tafi da shi. Haka randar innarka take yi, haka gumin jikinka. Zafi kullum daga abu mai zafi yake gangarawa zuwa mai sanyi, ba ya juyawa baya da kansa. Ko firigon da mai kanti ke sanyaya ruwa a ciki, kwashe zafin ciki yake yi ya zubar ta baya, ka taɓa bayansa ka ji. Don haka gangar da ke tsaye a rana sai ta sha zafi, ba roƙon da zai hana ta. Abin yi shi ne ka tare ranar kafin ta kai gare ta. A kafa sanduna a ɗaura zana a sama, da tazara yadda iska za ta ratsa tsakani. Kada a lulluɓe su da baƙar leda, wannan dafa su ne. In kun sami ruwa a rijiya, ka jiƙa buhunan algarara ka shimfiɗa a kansu. Ku tashi da wuri, in rana ta take ku nemi gindin gawo, shi ne mai ganye a wannan lokaci. In za a buɗe ganga a bari sai yamma ta yi, a murɗa kaɗan a ji ta gama tsakinta, mai buɗewa kuwa fuskarsa na gefe.

Yanzu ga abin da nake so ka yi. Kafin Alhamis ka sami Alhaji shi kaɗai, ba a gaban yaransa ba. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka roƙe shi a rage kowace ganga yatsa huɗu, a cire roba da sabulun nan a sa murfi mai kyau, a kuma yi rumfa. Abin da aka rage, wata gangar za ta ɗauke shi, ba zubarwa za a yi ba. In ya kawo maka maganar wake kada ka yi masa gardama, a kan wake ya fi mu sani. Ka ba shi labarin bidon Kona, ka ce tsohonka ne ya sa ka. In yana so in zo in yi masa bayani da bakina, zan hau mota in zo, in nuna masa hannuna.

Na san abin da ke riƙe bakinka. Ka daɗe da permin tuƙi a aljihu kana kabu-kabu da babur ɗin wani, kana kallon sa'anninka suna wucewa a manyan motoci suna yi maka oda. Kana ganin in ka buɗe baki tun a tafiyar farko za a ce yaron nan ya cika iyayi, a karɓe makulli a miƙa wa wani. Yana iya faruwa, ba zan yi maka ƙarya ba. Na ga fuskarka ranar da ka zo ka gaya mana an ɗauke ka. Na ga innarka tana shiga gida-gida da labarin, ni kaina na kasa riƙe shi a ƙofar masallaci. Ba na so ka rasa aikin nan, Allah Ya sani.

Amma in ka faɗa masa ya ƙi, kada ka hau kamiyon nan. Ka ajiye makulli a gabansa cikin ladabi, ka yi masa godiya, ka nemi motar Hawandawaki. Na yi magana da innarka. Ta yi kukanta, ta share hawaye, ta ce haka ne. Ba wanda zai tambaye ka dalili a gidan nan, wanda ya tambaye ka a waje kuwa ka turo shi wurina. Damina ta kusa, gona tana nan, gwiwata kuma ta fara ƙin sunkuyo. Na iya zama da ɗa marar aiki, Laminu, na yi a baya, zan sake yi. Ɗayan zaman ne ban iya ba, kuma ba na so a koya mini shi.

Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Ka gaishe mini da mai masaukinka da iyalinsa. Allah Ya yi maka albarka, Ya sanyaya zuciyar maigidanka ya ji maganarka, Ya buɗe bakinka a gabansa. Allah Ya kai ka lafiya ranar Alhamis, ko arewa ko gida.

Ni ne mahaifinka,
Haruna